Layin da na zaɓa wa sabuwar wayata bayan gwajin mako biyar

A tsakiyar watan Agustan 2025 Yayana da ke zaune a Jidda ya kira ni bayan sallar isha'i. Da muka gama gaisawa ya tambayi gida da kasuwa, sai ya ce, "Wai har yanzu da wayar nan mai fasasshen gilashi kake ɗaukar hoton shadda?" Na ce da ita ce, Yaya. Ya ce in daure zuwa ƙarshen Satumba, sabuwar iPhone na nan fitowa, zai saya ya ba wani mai dawowa daga Umara ya taho mini da ita, ni kuma in riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Na yi godiya, na yi masa addu'a, muka yi sallama.

Shadda da atamfa da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma fiye da rabin cinikina a WhatsApp yake farawa. Mata daga Kaduna da Bauchi, da 'yan kasuwa daga Maraɗi da Damagaram, ba sa turo kuɗi sai sun ga bidiyon kaya: a buɗe turmi, a juya shi a hasken rana, su ga sheƙinsa da ainihin launinsa. Idan kyamara ta mayar da ruwan toka ya koma ruwan ƙasa, kaya za su dawo, kuɗin mota kuma a wuyana. Don haka ni waya kayan aiki ce, kamar almakashi da ma'aunin yadi. Amma da na kwanta a daren nan, abin da ya hana ni barci ba wayar ba ce. Tunani nake, to idan ta zo ta ɗauki bidiyo mai kyau, a kan wane layi zai bi ya isa hannun kwastoma?

Layin da nake riƙe da shi tun 2011 na saye shi. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin shekara 14 muka yi tare, da shi na yi aure, da shi na buɗe shago, kuma na san akwai unguwannin da har gobe babu kamarsa. Sai dai a shekara biyun nan ya fara ba ni wahala a daidai lokacin da na fi bukatarsa. Daga ƙarfe 12 na rana zuwa la'asar, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, sai ka ga sabis a cike a fuskar waya amma bidiyo na ta juyawa bai tafi ba. Kwastoma ya ce ya turo kuɗi, ina tsaye ina jiran alat, shi ma yana tsaye da kaya a hannu, kowa na kallon kowa. A ƙauyenmu kuwa, can gefen Gumel, sai na taka zuwa tudun da ke bayan makarantar firamare kafin in samu in yi magana ba tare da murya ta yanke ba.

Da na fara tambayar mutane, kowa sai ya yabi nasa. Mai shayin bakin layinmu ya ce Glo, saboda data mai yawa da yake samu. Maƙwabcin shagona ya ce shi tun zamanin da ake kiran Airtel da Celtel, kafin ya koma Zain a 2008, bai taɓa canzawa ba, kuma ba ya neman wani. Yaron shagona ya ce, "Maigida, MTN kawai, su ne masu 5G a Kano." A cikin watan ne ma 9mobile ya sauya suna ya koma T2, bayan yarjejeniyar da ta ba masu layinsa damar hawa turakun MTN, sai wasu suka ce in jira in ga yadda za ta kaya. Duk gaskiya suke faɗa, amma kowa gaskiyar inda yake zaune yake faɗa. Mai shayi a bakin titi yake, sama a buɗe. Ni kuwa shagona yana ƙasan bene, a lungu, bangon kankare ta ko'ina, ga dilolin kaya jibge har rufi.

Sai na yanke shawarar tunda dai jira nake, bari in sa jiran ya yi mini aiki. Na je na sayi sababbin sim guda biyu na kamfanoni daban-daban, ɗaya daga ciki na MTN, aka yi mini rajista da lambar NIN, aka ɗauki hoto da zanen yatsa. Tsohuwar wayata mai sim biyu ce, na uku kuma na saka a wayar yaron shago. Na sayi data ta mako-mako a kowanne. Na juya littafin bashi ta baya na ja layi uku.

Gwajin ba wani mai wuya ba ne. In ɗauki bidiyon shadda na minti ɗaya, in tura wa uwargida, in duba agogo daga lokacin da na danna zuwa lokacin da alamar isa ta fito. Sau uku a rana: da safe ina buɗe shago, bayan azahar, sai da dare a gida a Rijiyar Zaki. A kwana biyun farko na yi kuskure, ina tura bidiyo guda a layukan uku, sai na ga na biyu da na uku suna tafiya nan take kamar ƙiftawar ido. Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero ne ya gane dalili. Ya ce, "Yaya, WhatsApp ya riga ya karɓi bidiyon tun turawar farko, sauran ba lodawa yake ba, miƙawa kawai yake. Kowane layi sai ka ɗauki sabon bidiyo." Na soke abin da na rubuta na sake daga farko. Duk wanda zai yi irin wannan gwaji ya kiyaye wannan, in ba haka ba layin da ya fara gwadawa zai ɗauki laifin da ba nasa ba.

Ban tsaya a bidiyo ba. Na riƙa kiran Inna a ƙauye da kowane layi in ji yadda muryarta ke fita. Na riƙa buɗe manhajar banki da tsakar rana in ga ko za ta buɗe. Na gwada lambobin banki da ake dannawa ba tare da data ba, saboda ranar da intanet ya ƙi, su ne madogara.

Shi ƙanen nawa ya yi mini wani bayani da ya warware mini abin da na daɗe ina mamaki. Ya ce sandunan sabis da ke saman waya ƙarfin muryar ƙarfen sabis kawai suke nunawa, wato yadda wayarka ke jin sa. Ba sa nuna yawan mutanen da ke rataye a jikinsa. Ƙarfe ɗaya yana da iyakar abin da zai ɗauka, kamar famfon unguwa: ruwan na zuwa da ƙarfi, amma idan jarka ɗari ta yi layi, kowa ɗigo zai samu. Kwari da rana haka take, dubban mutane, kowa da waya, kowane shago da na'urar POS. Shi ya sa layin da ya fi kowa gudu da ƙarfe 8 na safe zai iya zama kurma da ƙarfe 2. Ya kuma ce akwai bambancin zangon da kamfani ke watsa sabis a kai. Ƙananan zanguna irin 700 da 800, a ma'auninsu na megahaz, suna tafiya nesa kuma suna ratsa bango, su ne ke yi wa ƙauye da lungu amfani. Shi kuwa 5G na Najeriya a kan 3,500 yake, yana ɗaukar kaya mai nauyi da gudu, amma ba ya nisa, kuma bango biyu sun isa su rage masa ƙarfi. Wannan ba halin wani kamfani ba ne, halin zangon ne.

Batun 5G ɗin ya kamata in ɗan tsaya a kansa, domin shi ne abin da ya fi ruɗar masu jiran sabuwar waya. A Disambar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisinsa, MTN da wani kamfani mai suna Mafab suka samu, kowanne a kan dala miliyan 273.6. MTN ya fara aiki da shi a 2022 a birane bakwai, Kano da Maiduguri na ciki. Airtel ya samu nasa lasisin daga baya, ya ƙaddamar a watan Yunin 2023, ya fara da Legas da Ogun da Ribas da Abuja. To mutum na jin wayarsa mai zuwa tana da 5G, sai ya ɗauka duk inda ya sa ƙafa zai same shi. Ni tsohuwar wayata ba ta da shi, don haka duk gwajina a kan 4G na yi shi, kuma yanzu da na riƙe sabuwar na gane hakan ya fi mini alheri. Yawancin yinin ɗan kasuwa a kan 4G yake ƙarewa. Idan 4G na layi ya yi maka, 5G ƙari ne. Idan bai yi ba, kada ka ɗora rayuwarka a kan wata alama da za ta riƙa leƙowa a bakin titi.

Sau biyu na je gida a cikin makonnin nan, ta Gezawa da Gujungu. Na ba yaron shago wayoyin ya riƙe a mota yana faɗa mini duk inda sabis ya ɗauke, ina tuƙi. Zuwa na biyu ranar Alhamis ce, na zarce kasuwar Maigatari. Can akwai wani abu da duk mai zuwa bakin iyaka ya sani: waya kan saki layin Najeriya ta kama na Nijar da kanta, ka tashi ka ga kati ya ragu ba ka san hawa ba. Magani shi ne ka shiga saiti ka zaɓi kamfaninka da hannu, kada ka bar wa wayar zaɓi. Wannan ma bai shafi wane kamfani kake ba.

Ina cikin mako na huɗu labari ya canza. Ranar 9 ga Satumba Apple ya bayyana iPhone 17, ya ce za a fara sayarwa ranar 19. Washegari da sassafe ƙanena ya zo shago ko karyawa bai yi ba. Ya ce, "Yaya, wayar da za a saya a Saudiyya ba ta da ramin sim." Na ce ban gane ba. Ya nuna mini: a wannan karon wayoyin da za a sayar a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ƙatar da Kuwaiti da Bahrain da Oman, da Japan da Kanada da Meziko, duk eSIM kaɗai suke ɗauka, kamar yadda na Amurka suke tun iPhone 14 a 2022. Ita kuwa siririyar da suka kira iPhone Air, ko'ina a duniya babu rami. Mu da yawancin wayoyinmu masu tsada daga Dubai da Saudiyya suke shigowa, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Na tabbata akwai alhazan da za su dawo da waya a kwali, su nemi ɗan tsinken buɗe ramin sim su rasa.

Shi eSIM sim ne da aka gina a cikin wayar tun daga masana'anta. Kamfanin layi ba ya ba ka ɗan kati, sai dai ya ba ka wata lambar QR, ka haska ta da kyamara, layin ya sauka a ciki. Wayar na iya adana layuka takwas ko fiye, biyu su yi aiki a lokaci guda. Mai son ya san ko wayarsa na ɗauka, ya danna *#06#, idan ya ga wata doguwar lamba da aka rubuta EID a gefenta, to tana ɗauka. MTN da 9mobile ne suka fara shi a Najeriya a 2020 da amincewar NCC, Airtel ya biyo baya a 2023.

Na kira Yaya na gaya masa. Ya ce, "To ko in nemo maka ta wata ƙasar mai rami?" Na ce a'a, Yaya, ku bar ta haka. Dalilina ƙwacen waya ne. Duk mazaunin Kano ya san yadda abin ya zama, kuma sau da yawa ba wayar ce babbar asara ba. Ɓarawo na cire sim ya zura a wata ƙaramar waya, ya fara lalube a lambobin banki, kafin ka isa ofis a rufe layi an yi maka ɓarna. Layin da ke gine a cikin waya mai kulle ba ya ciruwa. Mai sim na kati ma yana da kariya idan ya sa masa lambar sirri ta PIN, amma mutum nawa ne suke sawa? Na roƙi Yaya abu ɗaya: ya saya a shagon da ke sayar da ita a buɗe, ba wadda aka ɗaure da wani kamfanin layi na can ba, domin ɗaurarriyar waya ko ta iso ba za ta karɓi layin Najeriya ba. A cikin saitin iPhone, wurin bayanin waya, akwai inda ake rubuta ko tana da ɗauri. Masu sayen ta hannu a Farm Centre ko titin Beirut, musamman wadda lambar samfurinta ta ƙare da LL/A, wato ta Amurka, su duba wurin nan kafin su ƙirga kuɗi.

Da mako biyar suka cika na zauna da littafin. Tsohon layina ya yi kyau da safe da dare, ya gaza da rana a shago, ya gaza a ƙauye. Ɗaya sabon layin ya ba ni mamaki a gida, domin a Rijiyar Zaki da dare babu wanda ya kama ƙafarsa, bidiyon minti ɗaya kan tafi kafin in ajiye kofin shayi. Amma daga Gujungu zuwa gaba sai ya riƙa ɓacewa, a ɗakin Inna kuwa ko kira bai shiga ba. MTN ba shi ne ya zo na ɗaya a kowane shafi ba. Abin da ya yi shi ne bai bar ni a ko ɗaya daga wuraren uku ba. Da azahar a shago bidiyo na tafiya cikin ƙasa da minti ɗaya a yawancin ranaku, manhajar banki na buɗewa, kuma a ƙauye na yi waya ina zaune a kan tabarma a tsakar gida. Ni abin da nake nema ke nan. Gudu na fitar hankali a wuri ɗaya bai kai mini layin da zai amsa duk inda abincina da iyayena suke ba.

Ban ce kowa zai samu irin sakamakona ba. Maƙwabcin nan nawa mai Airtel shagonsa na kallon wata fuskar, garinsu kuma ta hanyar Zariya yake, kuma na ga da idona yadda yake tura bidiyo da rana ba gargada. Taku ashirin ne tsakaninmu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum cewa shawarar wani ba za ta maye masa gwajin kansa ba, kuma kuɗin sim biyu da data ta mako biyar bai kai ribar turmin shadda ɗaya mai kyau ba.

Kan farashi ban daɗe ina lissafi ba. Tun da NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, karo na farko tun 2013, kowane kamfani ya ɗaga, saƙon tes ma ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Akwai bambanci tsakaninsu, wani ya fi wani yawan data a kuɗi ɗaya. Amma na lura da abu biyu. Na farko, wani ɓangare na datar da ake tallatawa ta dare ce, ko ta wasu manhajoji kawai, ni kuwa da dare barci nake. Na biyu, data mai araha da ba ta motsi da azahar, idan wata ya ƙare da ragowarta, ba araha ba ce. Dattawan kasuwa suna ba mu labarin 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara, ana sayen sim da dubban nairori ana biyan naira 50 a minti ko da gaisuwa kawai ka yi, har Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa ya sa kowa ya bi. Gasa ce ta yi wannan, kuma ina ganin mai layi yana taimakon gasar ne duk lokacin da ya nuna zai iya tashi.

Saura lambata. Ita ce a allon shago, ita ce a jikin ledojin da na buga, ita ce a banki, ita ce a BVN, kuma asusuna na OPay lambar ce kanta idan aka cire sifirin farko. Kwastomar da ta saya a hannuna shekara bakwai da suka wuce da ita za ta neme ni ranar bikin 'yarta. Jefar da ita kamar mutum ya tashi daga shago ne bai bar sallahu ba. Abin da da yawa ba su sani ba, tun 22 ga Afrilun 2013 doka ta ba kowa damar ya ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfani, ba tare da ta canza ko da lamba ɗaya ba.

Ranar wata Alhamis da safe na je ofishin MTN da tsohon sim a waya da takardar NIN. Wurin sabon kamfani ake zuwa, ba wurin wanda za ka bari ba. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta yi mini abin da na yaba. Kafin ta taɓa komai ta ce, "Alhaji, akwai sauran kati ko data a layin? Idan kun ƙaura ba za su biyo ku ba." Na ce na sani, na cinye su, bashin katin da na ara ma na biya. Ta kuma gaya mini akwai wa'adin da sai ya cika kafin in sake ƙaura idan na canza ra'ayi. Ta duba sunan da ke kan layin ya yi daidai da na NIN, aka ɗauki hotona da yatsa, na cike fom, ta ce in tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon sim ɗin. Saƙon tabbatarwa ya shigo ina zaune. Ta ba ni sabon sim ta ce in ci gaba da amfani da tsohon har sai ya ɗauke da kansa, ba zai wuce kwana biyu ba. Kafin sallar Juma'a ya ɗauke, na zura sabon, kiran farko da ya shigo na wata kwastoma ce daga Kaduna tana tambayar leshi, ba ta ma san an yi komai ba. WhatsApp bai motsa ba, alat na banki ya ci gaba da shigowa.

Wanda sunan da ke kan layinsa ba nasa ba ne, irin layin da wani ɗan'uwa ya yi wa rajista tun da daɗewa, ya fara gyara wannan tukuna, domin nan ne mutane ke maƙalewa. Wani sauƙin kuma, tun 2023 lambobin dannawa sun zama iri ɗaya a duk kamfanoni: *310# duba kati, *311# saka kati, *312# sayen data, *323# duba data, 300 kiran ma'aikatansu. Ban sake haddace komai ba. Abu ɗaya da ya canza, masu kirana da ke duba farkon lamba su ce wannan layin kaza ne, yanzu lissafinsu ba daidai ba ne, don haka na gaya wa waɗanda ke da garaɓasar kiran 'yan layi ɗaya.

Wayar ta iso a tsakiyar Oktoba a jakar wani dattijo maƙwabcin surukaina, kwalinta ko ɓantarewa bai yi ba. Na juya ta gefe da gefe, babu rami. Na koma ofishin da ita da sim ɗin. Aikin kamar welkom-bak ne: a tabbatar kai ne mai layin, a kashe na katin, a ba ka lambar QR. Sai da aka haɗa wayar da Wi-Fi kafin layin ya sauka, domin sabuwar waya da ba ta da sim ba ta da hanyar intanet ta kanta, wanda zai kunna tasa a gida ya tanadi wata wayar da za ta ba shi. Ban fi minti 40 a wurin ba har da jiran layi. Saurayin da ya yi mini ya ja kunnena kan abu biyu: kada in bari kowa ya ɗauki hoton lambar QR ɗin, kuma idan wata rana zan wanke wayar, in lura da tambayar da za ta yi mini kan goge eSIM, domin idan na goge sai na dawo ofis.

Yanzu wata biyu ke nan. A kan titin gidan Zoo da wasu sassan Nasarawa ina ganin alamar 5G, kuma ranar da na sauke manhajojina a can abin ya yi gudun da ban taɓa gani ba. A cikin shago 4G nake gani, kuma ya ishe ni, shi na gwada, shi na zaɓa. Data tana tafiya fiye da da, amma wannan daga wayar ne da hannuna: bidiyonta ya fi nauyi, ga hotuna da take ɗorawa a ma'ajiyar intanet da kanta. Da ƙanena ya saita ta daina yin hakan sai da Wi-Fi, abin ya daidaita. Launin shadda kuwa yanzu yadda yake a hannu haka yake a bidiyo, tun da na fara aiki da ita kaya ba su dawo saboda launi ba.

Inda eSIM ke da rauni shi ne ranar da caji ya ƙare ko waya ta faɗa ruwa. Da, sai ka zare sim ka zura a wayar wani ka ci gaba da harka. Yanzu babu wannan. A ƙauyen da wuta sai an kai caji shago, dole mutum ya yi tanadi. Shi ya sa sim ɗin MTN da na saya don gwaji ban yar da shi ba, na saka shi a ƙaramar waya mai tocila da ke yin kwana huɗu ba caji, na ba Inna da uwargida da yaron shago lambar. Ina sa masa kati ina yin kira da shi lokaci-lokaci, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani.

Makon jiya na je gida. Bayan magariba ina zaune a ɗakin Inna, fitila na ci, na yi wa Yaya kiran bidiyo ta FaceTime na miƙa mata wayar. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, kuma rabon da ta ga fuskarsa tun zuwansa na ƙarshe shekara uku da suka wuce, domin ƙafarta ba ta kai ta tudun bayan makaranta. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta nisanta ta da fuskarta, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Shi ne ya fara magana, ya ce, "Inna, kuna ganina?" Ta ce, "Ina ganinka. Ka rame. Ba sa ba ka tuwo a can ne?" Suka yi kusan rabin awa, ya nuna mata jikokinta ɗaya bayan ɗaya, hoton bai tsaya ba ko sau ɗaya. Da suka gama ta miƙo mini wayar ta ce gobe da safe kafin in kama hanya in sake kira mata shi, akwai maganar gona da ta manta.